Ɗalibin da ke bayan zana

Shekarar da aka aiko ni Kurfi koyarwa, da safe ina tare da yara, bayan la'asar kuma manya ke zuwa koyon Turanci. Fatake ne yawancinsu da 'yan awo. Ba wani Turancin a zo a gani ba ne: wannan hannu ne, wancan ƙofa ce, jiya na tafi, gobe zan zo.

Wata rana na shiga aji na tarar da surukina zaune a benci na gaba, ya naɗe rawani. Hatsi yake saya yana kaiwa Dutsin-Ma. Kamfanin auduga na can zai naɗa wakilin da zai riƙe sikelin sayen auduga bayan kaka, Baturen kuma ya ce sai mai jin maganarsa ba tafinta. Surukina ya daɗe yana harin wannan sikelin.

To, ni mutumin nan ko a hanya na hango shi takalmi nake tuɓewa in durƙusa. Ban taɓa kallon idonsa ba, shi ma bai taɓa kama sunana ba. Darasin ranar kuwa umarni ne: "Stand up. Sit down." Na bi kowa ɗaya bayan ɗaya, da na zo kansa sai na tsallake. Haka muka yi ta yi. In ya karanta ba daidai ba sai in ce madalla, 'yan aji su sunkuyar da kai. Abin ya dame ni, don na san haka zai je gaban Bature da madallata.

Ashe ya lura. Wata ranar Asabar na iske an kafa zana a kusurwar aji, takalmansa a bakinta. Wani ɗan awo abokinsa ya ja ni gefe.

"Malam, Alhaji ya ce in gaya maka shi ya bar zuwa. Amma akwai wani baƙo bayan zanar ga, kanshi da tauri. Ya ce kak ka raga mai."

Daga ranar zana nake koya wa Turanci. In ce, "Mai zana, ba haka ba ne, sake." Zana ta yi gyaran murya ta sake. Wata rana na sa ta maimaita jimla guda har 'yan aji suka fara hamma. Na taɓa yi mata tsawa ma, ta ce, "Sorry, sir." In an tashi sai in yi ta goge allo, ko da a goge yake, har in ji ƙarar takalmi ta yi nisa.

Matata ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban faɗa ba.

Bayan kaka ya hau jaki ya tafi Dutsin-Ma. Ban san abin da suka ce da Baturen ba, an dai ba shi sikelin.

Na je yi masa barka. Zauren cike da mutane. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa bakin ƙofa, kaina ƙasa. Ya amsa gaisuwar yana kallon bango, kamar kullum. Na yi ta jiran a sallame ni. Can sai ya yi gyaran muryar nan da na sani, ya nuna buzun da ke kusa da shi, inda ban taɓa zama ba.

"Sit down," in ji shi.

Babu abin gyarawa. Na zauna.