Wutar Layinmu a Kuje

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, aka dawo da maigidana tare da ofishinsu. Gidajen ma'aikata ba su kammalu ba, sai muka kama haya a Kuje. Unguwar da muka sauka taransifoma ɗaya ce da ita, ƙarama, wadda ta ishi mutanen garin kafin mu zo. Mu kuwa matan ma'aikata kowace ta zo da rishon lantarki da dutsen guga da hitar dafa ruwa.

Da hantsi ya yi duk muka jona kayanmu, sai ƙwan fitila ya koma ja kamar garwashi. Mu da ke kusa da taransifoma muna samun abin da ya samu. A ƙarshen layi akwai wata dattijuwa Bagwariya mai injin markaɗe, ita injinta ko motsi ba ya yi.

Wata rana ta yi sallama gidana, ta zauna a bakin tabarma.

"'Yata, kafin ku zo injina yana aiki. Yanzu mata su kawo wake, ya jiƙa, ya lalace a bokiti."

Na ce, "Mama, ki bar mini wannan."

Na bi gidajen 'yan'uwana baƙi na tara su a tsakar gidana. Na ce daga safe zuwa azahar a bar wa masu sana'a wuta, guga sai da yamma, ruwan wanka kuma a ajiye bokiti a rana. Matar wani oga ta taɓe baki.

"Ni da wutata, a ce mini ga lokacin da zan yi guga?"

Na ce, "Hajiya, waya ɗaya ce ta ratsa gidanki ta kai gidan mai markaɗe. Abin da kika ja, ita aka rage wa. Ke ma a can kike niƙa tattasanki."

Ita kam ta daɗe tana abin da ta ga dama. Sauran dai suka yarda, kuma hakan ya wadatar. Injin ya tashi, wani tela da ke gefensa ma ya daina zaman jiran wuta.

Mun bar Kuje da daɗewa, yanzu muna cikin gari. Har yau ba na barin fanka tana juyawa a ɗakin da babu kowa, jikokina kuma sun san ba a yi mini wannan a gida.