Ranar da Na Kalli Baba Cikin Ido

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" nake, ko "waccan", ran da yake cikin raha kuma "yarinyar nan", ko da yake 'ya'yana sun kusa kamo ni tsawo. Idan na shiga falonsa a Malali, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, shi kuma ya kawar da fuska gefe ya amsa gaisuwa kamar da bango yake magana. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma haka muka tarar.

Wata Asabar bayan La'asar na je gaishe shi. Yana kishingiɗe a kujerarsa, talabijin na ta zuba labarai. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Dubi mutumin nan, kullum hula ɗaya, sai ka ce ba a biyansa albashi."

Na ɗan ɗago in ga hular. Babu hula, babu mai hula. Fuskar talabijin ɗin baƙa ƙirin take, murya kawai ke fita.

Na ce, "Baba, ai babu hoto."

Ya gyara zama a kujerar. Sannan ya ce, "Yanzun nan ya ɗauke."

Ni dai tun shigowata ban ga wani haske ya gilma a kan darduma ba. Nan take wani zargi ya ɗarsu a raina game da idon Baba, na yi maza na kore shi da a'uzubillahi. Baba shadda yake sayarwa a Babbar Kasuwa tun kafin a haife ni, kuma mai shadda ba shi da jarin da ya wuce idonsa. Ran da aka ce ba ya gani, ran nan ƙannensa za su ce ya zauna gida ya huta, rumfa ta koma hannun wani. Na san Baba. Zaman gidan nan shi zai kashe shi kafin ciwo.

Saboda haka na huce a kan talabijin. Ni kuwa dama ba a raba ni da taɓe-taɓen kayan wuta. Na ɗauki rimot na ƙara haske har ƙarshe, shiru. Na zare wayar da ta haɗa shi da dikoda, na hure bakinta, na mayar. Na cire shi daga soket, na jira, na sake kunnawa. Mai labarai ya dawo da muryarsa garau, amma ko inuwarsa babu. Na zargi masu kawo wuta, na ce su da ba su iya kawo ta da hankali ba. Na zargi jikokin gidan, na zargi damina, har ɓera sai da na ɗora wa laifi. Duk wannan ɓaɓatun da nake yi, Baba carbinsa kawai yake ja.

Sai na tuna wata dabara da na taɓa gani a wurin masu gyara. Na kunna tocilan wayata, na manna ta a fuskar talabijin ɗin, na kanne ido. Ga mutumin can ciki, dishi-dishi, bakinsa na motsi. Hoto yana nan ke nan, fitilun da ke haska shi daga baya ne suka mutu. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne, kan mutumin babu hula ko ta magani. Kwat ce ma a jikinsa.

Na wuce kicin wurin Inna, mahaifiyata, tana gyaran zogale. Na ce, "Inna, tun yaushe talabijin ɗin Baba ya daina nuna hoto?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa ya aike ki?"

"Au, kin ma sani ke nan?"

"Ni da nake share ɗakin? Tun kafin azumi yake haka."

Tun kafin azumi! Mu kuwa har mun ci naman layya mun manta. Biri ya yi kama da mutum. Sai abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya: mashin ɗinsa da ya jingine wai mai ya yi tsada, ya koma bin mai keke Napep guda kullum, Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe da ya daina buɗewa wai tilawar ka ta fi lada, yadda yake murza shadda da yatsu ya kai ta kusa da kunne kafin ya faɗi sunanta. Duk muna gani, muna cewa tsufa ne. To ta yaya za mu gane? Gida guda, babu mai kallonsa cikin ido.

Na ce, "Haba Inna! Kika yi shiru?"

Ta ce, "In na ce masa talabijin ya mutu, me na faɗa masa? Na ce masa na gane ke nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki bar wa mutum rufin asirinsa."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce rufin asirin da zai kai mutum ga sanda ba rufin asiri ba ne. Ta ce in rage murya. Ban rage ba.

Washegari na naɗe talabijin ɗin a tsohon bargo na kai Rafin Guza, wurin wani mai gyara da maƙwabciyata ta yi min kwatance. Ban yarda da shi ba tun daga yadda ya washe baki yana "Hajiya, Hajiya". Na ji labarin masu zare kaya masu kyau su cusa ruɓaɓɓu. Ya ce in je in dawo, na ce ƙafata ƙafarsa. Na ja benci na zauna, na kafa masa ido har ya kwance bayan, ya ciro wasu sirara-siraran sanduna masu ƙananan ƙwayaye, ya sa sababbi. Na ce ya ba ni tsofaffin in tafi da su. Ya yi dariya ya ce ko surukarsa ba ta taɓa tsare shi haka ba. Ya jona wuta, hoto ya fito tar.

A hanyar dawowa na shirya abin da zan yi, kuma ina sane ba abin kirki ba ne a ɗana wa uba tarko. Amma na kasa samun wata hanya.

Da rana tsaka na isa, falon cike da haske. Na ɗora shi a mazauninsa, na kunna. Wasu mata ne ake nunawa suna rawar biki, atamfofi ja da kore kamar su tsole ido. Na durƙusa a inda na saba, na daure na ce, "Baba, sun kasa. Har yanzu babu hoto."

Ina addu'a a zuci ya daka min tsawa, ya ce ke makauniya ce, ba ga shi ba?

Ya ce, "Ai ina gani, baƙi ƙirin. A bar shi haka, muryar ma ta isa."

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na ɗago kaina gaba ɗaya na dubi fuskarsa. Wani fari-fari ya rufe baƙin idanunsa duka biyu, kamar an ɗiga nono a ruwa. Kuma ni yake fuskanta, kai tsaye, bai kawar da kai ba. Shekara da shekaru ina so Baba ya dube ni sau ɗaya, yau ga shi ya zuba min ido, don bai san inda ya ajiye su ba.

Na toshe baki da mayafi, amma kukan ya ƙwace. Ya saki carbin a cinyarsa. Kalangu na ta tashi a talabijin.

Can ya ce, "Ya gyaru ko?"

Na ce, "Ya gyaru, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na jira faɗa, na jira ya ce in tashi in bar masa ɗaki. Maimakon haka sai ya kira sunana, sunana na yanka, ya fito a bakinsa wani iri kamar yana gwada sabon takalmi.

Ya ce, "Gobe da safe ki riga mai keke zuwa. Ke za ki kai ni wurin likitan ido. In mun fita ki riƙe min hannun riga ta gefen bango, kada mutanen layi su gani."