Buhu Mai Facin Atamfa

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina kabu-kabu tsakanin Kunduru da Kankiya, mahaifina ba shi da abokin faɗa kamar rediyo. Mahaifiyata kuwa sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ita take rufa wa kanta asiri.

Wata shekara gyaɗa ta yi kyau a gonarmu. Inna ta roƙi Baba ya bar mata ko buhu ɗaya, don ta yi wa wata maƙwabciya alkawarin man bikin ɗiyarta. Ya ce shi ba ya ciniki da cikin gida, don in an zo biya sai a ce a bari sai gobe. Ya kira dillali ya kwashe kaf.

Biki ya matso, babu gyaɗa. Inna ba ta tsoron komai kamar a ce ta saɓa alkawari. Ta sayar da tunkiyarta, ta tura ni kasuwar Kusada. Na zaga, na taya, na ɗanɗana kamar wani masani, har na faɗa hannun wani mai daɗin baki. Ya ce wannan gyaɗar daga nesa ta zo, ba irin ta ƙauyukan nan ba ce. Na biya da tsada, na ɗaure a bayan babur, ina ta jin kaina.

Na iso gida bayan la'asar, na tarar da Baba a tsakar gida da rediyonsa. Ana labarin wai ƙasarmu, duk da arzikin man da Allah Ya ba ta, tana sayo ɗanyen mai daga waje don matatunta su samu abin tacewa. Baba ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Ku ji mani sakarci. Kana da abu gidanka, ka saida ma baƙo, ka koma kana sayowa da tsada. Wane irin maigida ne wannan?"

Inna ta taso. Ta zagaya buhun da na sauke, ta duƙa, sai ta juyo shi ya fuskanci Baba. A gindinsa akwai faci na koriyar atamfa.

"Malam, ka gane zanen nan?"

Tsohon zanenta ne. Ita ta ɗinke buhun da hannunta kafin a kai shi gona. Gyaɗarmu ce ta je Kusada ta sha iska, ni kuma na biya mata kuɗin mota ta dawo.

Baba ya dubi facin, ya dube ni. "Kai kuma ba ka da ido?"

Na ce, "Baba, ce mani aka yi daga nesa ta zo."

Inna ta ce, "Ai bai yi ƙarya ba. Kusada ma tafiya ce."

Dariya ta ƙwace wa Baba, ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon. An matse mai, ya isa gidan biki a kan lokaci. Da kasuwa ta zagayo, sai ga Baba ya shigo da tunkiya a igiya, ya ɗaure a turken Inna.

Har yau in na ji ana maganar shigo da ɗanyen mai, raina yakan ɓaci, amma sai na tuna facin nan na yi murmushi. Baba bai daina faɗa da rediyo ba. Sai dai duk kaka, kafin dillali ya taka ƙofar gidanmu, yakan sa a jingine buhu biyu a ɗakin Inna, ya ce, "Wannan na matatar gida ne."