Maginin da Ya Ƙi Siminti

Kullum da safe, ko ana ruwa (a nan Kilvorran yaushe ne ba a ruwa?), Lachlan Petrie sai ya zagaya tsohuwar fadar dutse yana shafa bango kafin ya kurɓi shayi. Jumma'ar nan zai ajiye guduma. Allon da aka kafa a bakin ƙofa ya ambaci wanda ya mallaki fadar, da wanda ya ƙone ta, da wanda ya saye ta, amma magini ko layi ɗaya bai samu ba. To, ni zan rubuta masa.

Effie mai shagon shayi tana wurin ranar da manajan fadar, Mista Crombie, ya sauke buhunan siminti, ya ce a liƙe tsagogin hasumiya.

"Yallaɓai, dutsen nan numfashi yake," in ji Lachlan. "Da farar ƙasa aka gina shi. In ka toshe shi da siminti, ruwa zai shiga ya rasa mafita, sanyi ya zo ya fasa shi."

"Kakanka ne ya gaya maka?"

"Shi ne. Kai fa, mai sayar da siminti ne ya gaya maka?"

A ranar aka sallame shi, ga 'ya'ya uku a gida. Duk gari muka ce taurin kai ne, har da ni, kuma har yau ina jin kunya. Shekara tara ya yi yana gyaran shingen tumaki.

Sai gefen hasumiya na yamma ya fara zubowa. Siminti na nan daram, dutsen ne ya rugurguje. Masu kula da fadar suka bi Lachlan har gida. Ya ce zai dawo, amma sai an ƙwaƙule simintin kakaf, da hannu. Shekara shida aikin ya ci.

Kai ne ka tsaya kai kaɗai, Lachlan, ka zaɓi kora a kan ka cuci bango. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi cewa a'a irin tasa.

Jiya na yi masa ƙorafin allo. Ya kai ni saman hasumiya, ya nuna mini 'yar kibiya da wani magini ya sassaƙa shekara ɗari huɗu da suka wuce. Kusa da ita ga alamar Lachlan.

"Shi ma ba ya kan allo," in ji shi. "Taɓa bangonsa ki ji."

Na taɓa. A bushe yake.