Mangwaro a Bokitin Fenti

Da alama tun asuba dattijon yake haƙa, don jar ƙasar da ke gwiwar wandonsa ba ta gama bushewa ba. Yanzu ga shi tsaye a tasha, rungume da tsohon bokitin fenti. A ciki ɗan mangwaro ne mai aure, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, amma har ya yi furen fari. Sauran kayansa katifa ce a naɗe da buhun tukwane.

Mai lodi ya gaji da ɗaga kayan 'yan haya, kallo ɗaya ya ishe shi. Ƙila an sayar da gidan da dattijon ke haya ne aka ce kowa ya fita. Gwanda da ayabar da ya shuka sun zama na sabon mai gida, wannan kaɗai ya ciru.

"Baba, fasinjan nan naka saman mota zai hau."

"Iska za ta kakkaɓe masa fure, ɗana. A cinyata zai zauna."

Mai lodi ya leƙa bokitin. Babbar saiwar a datse take, fartanya ta raba ta biyu. Ganyen sama har sun fara sunkuyawa.

"Inda za ka akwai fili?"

"Ɗaki ne a saman bene, wajen 'yata. Amma akwai taga."

Mai lodi ya taɓa yin lambu, ya san da wuya mangwaron nan ya rayu. Ya dai juya ya ɗaure katifar tamau. Dattijon ya cire hularsa yana yi wa furen inuwa, yana jiran mota ta cika.