Hannun da Na Tsawatar

Shekara uku na yi ina wanke tsofaffin New York kafin Allah ya ɗaga darajata na koma share wa jikokinsu majina. Aikin mataimakiyar malama na samu a wata firamare da ke Mount Hope, a ajin yara masu lalura. Yara shida ne, sai malamar ajin, wata baturiya da kirki ya yi wa yawa, sai ni.

Ranar farko ta buɗe mini kabad ɗin kayan koyarwa tana murmushi kamar amarya na nuna lefe. Akwai riga mai nauyi don kwantar da hankali, akwai abin toshe kunne, akwai ƙwallon matsawa in rai ya ɓaci. Almakashi kuwa har kala uku: na mai dama, na bahago, da na wanda bai yanke shawara ba tukuna. Ni da na yi karatu a Kano inda guntun alli ɗaya ya ilimantar da aji guda, sai na ce a raina lallai nan ko dutse aka kawo sai ya yi digiri.

Abin da malamar ta fi ji da shi su ne katunan hoto. Kowane kati da hoton abu ɗaya: ruwa, biskit, bayan gida, littafi, ƙofa. Yaron da ba ya magana zai ɗauki katin abin da yake so ya miƙa wa babba, shi ke nan ya yi magana. Ni ce mai yanke katunan, ni ce mai sa musu leda a inji har yatsuna su yi zafi.

A cikin yaran akwai wata 'yar shekara shida da aka damƙa mini. Iyayenta mutanen Zangon Kumasi ne, a Ghana. Ba ta magana, kuma hannunta na dama a lanƙwashe yake tun haihuwa, ba ya iya riƙe ko tsinke. Amma tana jin Hausa sarai. Malamar har tafi ta yi da ta ji yarenmu ɗaya, wai an samo wa yarinya wadda za ta fahimce ta. To, ga irin fahimtar da na yi mata. A makon farko aka ajiye biskit a tebur, yarinya ta miƙo hannun hagu za ta ɗauka, ni kuwa kafin ƙwaƙwalwata ta farka bakina ya riga ya yi aikinsa:

"Ke! Da hagu? Dama!"

Ta janye hannun ta cusa shi ƙarƙashin cinyarta. Na ɗauki biskit ɗin na sa mata a baki, ina jin kaina wata uwar tarbiyya. Na manta da zancen kafin a tashi.

Daga nan katuna suka ƙi aiki. A jera mata su a gaba, ta dube su, ta dube ni, ta zauna a kan hannunta. Malamar ta ce ƙila katunan sun yi ƙanƙanta, na yanko manya. Ta ce ƙila zane ne ba ta ganewa, muka ɗauki hotuna na gaske. Aka kawo ƙaramar kwamfuta mai magana da muryar wata baiwar Allah da ba ta taɓa gajiya. Aka kawo gwanar magana, aka kawo gwanar motsa gaɓoɓi, kowa da takardarsa da biro. Kullum sifili ake rubutawa. Ni kuwa, ƙwararriyar Hausa ta makarantar, ina gefe ina girgiza kai cikin tausayi, ina cewa sai addu'a.

Wata huɗu ana haka, sai malamar ta zaunar da ni idonta ya yi ja. Ta ce an sa ranar taro. In har yarinyar ba ta nuna tana gane katunan ba, za a rubuta cewa ba ta fahimtar magana, a mayar da ita wata makaranta mai nisa, ajin da ba a koyar da baƙi ko wasali, sai wanke hannu da ɗaura takalmi. Abin ya tsaya mini a rai, don na san yarinyar nan tana dariya daidai inda ya kamata in na yi wa wani tsiya da Hausa.

Ran Asabar na je unguwar Tremont sayen daddawa a shagon da uwar yarinyar ke aiki. Tana bayan kanta, ita kuma 'yar tana zaune a ƙasa bayan buhunan shinkafa, ba ta gan ni ba. Na leƙa. Gwangwanayen tumatir take jerawa da hannun hagu, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, kowane tambari na kallon gaba. Da ta ɗago ta gan ni, sai hannun ya shige ƙarƙashin cinya kamar ɓera ya ga kyanwa.

Uwar ta lura, ta yi dariyar alfahari da Hausarsu ta Zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Sister, ka gani? Yarinya na ya san respect paa, sosai. Ba ya ba babba abu da hagu koraa, ko kaɗan. Na train shi tun yana ƙarami."

Wallahi sai a lokacin na gane. Uwa ta hana a gida, yarinya ta zo makaranta ta gwada sa'arta wajen turawa, sai ga ni, an ɗauko ni takanas ana biyana don in tabbatar mata dokar ta ƙetaro teku. Hannu ɗaya Allah ya bar mata, mu biyu muka taru muka ƙwace. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na gaya wa uwar komai, har da tsawar da na yi. Ba ta ji daɗi ba.

"To mutane za su ce mene? A masallaci za a ce ban koya ma ɗa na manners ba."

Na ce mutanen ba su ne za su shiga bas da ita kullum zuwa waccan makarantar ba, kuma addinin da ya ce a ci da dama ya san da mai lalura. Ta ci gaba da ƙulla leda. Can na tambaye ta, a Kumasi in hannun damanki na cikin kwaɓin fulawa, babba ya ce miƙo mini abu, ya kike yi? Ta nuna mini: ta miƙa hagu, ta sa dama ta tallafi tsintsiyar hannun. Sai ta tsaya tana kallon hannayenta. Ta zagaya bayan buhunan ta durƙusa gaban 'yarta, ni kuwa na biya kuɗin daddawata na fita, don ba na son a ga hawayena a Tremont.

Ran Litinin na gaya wa malamar. Ta dafe kai ta ce me ya sa ba wanda ya rubuta wannan a cikin takardun yarinyar. Na ce ai a wajenmu ba a rubuta shi, da duka ake koyar da shi.

Aka jera katuna, gwanar magana na zaune da bironta. Yarinya ta dube ni. Na ce mata da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Ɗauki. Ni ce na yi kuskure." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zaro hagun a hankali, ta ɗago lanƙwasasshen damanta ta ɗora shi ƙarƙashin tsintsiyar hannu, ta zaɓi kati. Gwanar magana har miƙewa ta yi, tana tambayar malamar wace sabuwar dabara ce wannan ta haɗa hannu biyu, kuma a wane taron bita aka koyo ta. A ranar zancen canjin makaranta ya mutu.

Katin kuwa ni ta miƙo wa, da cikakken ladabi irin na 'yar gidan mutunci. Na juya shi. Hoton ƙofa ne da mutum yana fita, wanda ni da kaina na yanke na sa wa leda.

Na tashi na fita. Ta gilashin ƙofar na ga ta sake tallafe hannun, ta ɗauki katin biskit ta miƙa wa malamar.