Gammon da Aka Zana wa Malam

Shekarun baya, lokacin wani zaɓen asembiliman, wato kansila, a nan Zango, na tare motar kamfen a tsakiyar titi, ni kaɗai, da butar alwala a hannuna. Har yau ana ba da labarin, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Gara ku ji daga bakina.

Ni dai an san ni. Ban yi makaranta ba, ba ni da yawan dariya, amma abin da ya gitta ta ƙofar gidanmu sai na gan shi. Gidan haya ne, ɗakuna da yawa, famfo ɗaya. Ɗakin da ke kallon nawa na ƙawata ne, mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya. Tare muka zo Kumasi daga arewa muna 'yan mata, tare muka yi dako a babbar kasuwa kafin Allah ya kawo aure. Kayaye ake ce mana. Daro a ka, gammo a ƙarƙashi, doya, tumatir, buhun gawayi, duk abin da aka ɗora.

Da wannan dakon, daga baya da koko, ta kai ɗanta makaranta har ya zama malami. Shi ne ya fito takara a waccan shekarar. Abokin karawarsa kuwa mai kuɗi ne, yana da mota mai sifika da samari masu bin sa. Cikin samarin akwai autana, kafinta ne a unguwar Anloga, Allah ya ba shi murya, bai ba shi nutsuwa ba.

Suka bincika malam, ba su sami abin faɗa ba. Ba ya sha, ba ya faɗa, ba ya bin mata. Sai suka koma kan uwarsa.

Wata safiya muka tashi, an bi fostocinsa duka an zana masa gammo da daro a ka. Kafin azahar mota ta fara zagaye da waƙa: “Ɗan kayaye, ɗauki kaya, kujera ta fi ƙarfin wuyanka.” Waƙar kuma, in faɗi gaskiya, tana da daɗin kiɗa. Ni kaina na kama ƙafata tana motsi kafin in gane abin da ake cewa. Da na saurara da kyau kuma na gane muryar. A bayana na goya ta.

Yara suka ɗauki waƙar. Su zo sayen koko, su karɓa, su ja baya su rera wa ƙawata. Ta daure kwana biyu. Daga nan na ga tukunyar kokon a kife a jikin bango, ƙofarta a rufe. Na shiga ba sallama.

“Tashi ki ɗora tukunya,” na ce.

Ta ce, “'Yar uwa, ba don kaina ba ne. Duk wanda ya gan ni a bakin hanya ya tuna waƙar. Ƙuri'a nake rage masa.”

Matar da ba ta fasa fita ba ko ranar da ruwa ya ci kwatar gidanmu, ga ta zaune a gefen katifa tana jin kunyar kanta.

Da autana ya shigo cin tuwo na tare shi. Ya ce, “Mma, siyasa ce fa. Su ma suna faɗar namu. Bayan zaɓe kowa ya manta.”

Na ce, “Wa ya ba ka kokon da ka sha kullum kana tafiya makaranta?”

Ya yi dariya, ya wanke hannu, ya fita. Ban ƙara magana ba, don akwai abin da bai sani ba. Ni da ke lissafe da asirin kowa a gidan nan, nawa na ninke na ajiye. 'Ya'yana sun tashi da cewa “ciniki” nake yi a kasuwa a da. Ba su tambayi wane iri ba, ni ma ban ƙara ba.

Ranar Juma'a da la'asar ina alwala, sai na ji motar ta shigo layinmu, ta tsaya daidai inda ƙawata take ajiye tebur. Ban san lokacin da na isa gabanta ba. Direba ya taka birki, motocin haya na trotro a baya suka hau hon.

“Hajiya, kauce mana!”

“Ban je Makka ba tukuna, kuma ba zan kauce ba. Wancan mai baki ya sauko.”

Autana ya sauko, abin maganar yana hannunsa. Na ajiye buta, na zame mayafi, na kwance ɗankwali. Tun da na yi aure babu namijin da ya ga kaina a waje.

“Kawo hannunka. Sa nan, tsakiya.”

Ya sa. Wurin sumul yake kamar tafin hannu, gashi bai sake tsirowa ba.

“Gammo ne ya cinye. Darona ya fi na uwar malam girma, tambaye ta. To rera mini, ɗan kayaye, ina ji.”

Ya manta sifika a kunne take. Zango gaba ɗaya ta ji shi yana cewa, “Mma, don Allah rufe kanki. Na tuba, Mma.”

Ina ɗaura ɗankwalin na duba gefe. Tsofaffin mata a ƙofofin gidaje, waɗanda yanzu ake kira Hajiya, na ga hannun wasu ya tafi tsakiyar kansu ba su sani ba.

Kada in yi muku ƙarya. Waƙar ba ta mutu ba, wani yaro suka samo ya ci gaba da rera ta a wasu layuka. Malam kuma ya faɗi zaɓen. Ko waƙar ce ta kayar da shi ko kuɗi, Allah ne masani.

Amma washegarin ranar da na tare motar, na ji ƙamshin ƙosai. Na leƙo, ga autana a durƙushe ƙofar ƙawata, ya ce shi zai kai mata tukunya bakin hanya. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta yagi tsohon zane, ta naɗa gammo a hannu kamar jiya ta bari, ta ɗora masa. Ya miƙe yana tangaɗi, koko na zuba a wuyansa.

Ta ce, “A hankali, ɗana. Ba ka gaji uwarka ba.”

Yanzu duk zaɓen da ya zo, in na ji mota tana zagin wani, ba ɗan takarar nake tunawa ba. Shi ya zaɓi ya fito. Tunanina yana kan wadda ke zaune a ɗaki tana ji ta taga, wadda babu hotonta a fosta. Samarin ma tausayinsu nake ji, yawancinsu ba su san kan uwarsu ba.

Zaɓen da ya wuce an zo neman autana ya hau mota. Ya ce su fara tambayar Mma. Har yau ina jiransu a ƙofar gida.